Guntun Jar Fata Mai Igiya

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Jega sun riga sun sani, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ku dai samari da 'yan mata, musamman ku da kuka fara goyo, ku ji abin da ya same ni. Ban daɗe da fitowa daga gidan yari ba, kuma har yanzu akwai abin da ya shige mini duhu a cikin al'amarin. Zan faɗa muku shi yadda ya zo, watakila ku ku fi ni ganewa.

Ni ɗiyar baduku ce. Tun ina ƙarama nake zama gefen babana yana yanka fata, ni kuma ina tsince guntayen da suka faɗo. Da ya rasu, abin da ya bar mini ke nan: wuƙarsa, basillarsa, da wani tsohon burgami, jakar fatarsa, cike da guntayen jar fata. Aka yi mini aure a Jega, na haifi ɗiya mace. Ba ta daɗe da fara tafiya ba aka zo ɗiban maza zuwa aikin hanyar Nasara, aka haɗa da mijina. Aka ce zai dawo kafin damina. Damina ta zo ta wuce, ba shi ba saƙonsa.

Na zauna a ɗakina cikin gidan 'yan'uwansa, ina ɗinka rigar laya da 'yan zobban fata na yara. Maƙwabciyata Tasalla ke kai mini su kasuwa. Tasalla bazawara ce, ta girme ni nesa, fura take sayarwa, kuma babu kasuwar da ba ta da ƙawa a cikinta. A lokacin ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. In na tsinci abu a tsakar gida sai na bi ɗaki ɗaki ina tambaya.

Sunan ɗiyata Kulu. Yanzu ne nake iya faɗinsa. Da ba na iyawa, don 'yar fari ce, kun kuwa san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "'Yar nan" nake cewa. Ita kuma Adda take kirana, kamar wata yayarta. Amma in muka shiga ɗaki na saki labule, ba na iya ɗauke ido daga kanta. In ta yi barcin rana ya yi nauyi, sai na kai yatsa bakin hancinta in ji numfashi. In ta yi tari sau ɗaya, ranar ba na cin abinci da daɗi.

Surukata a Fagada take. Duk ranar kasuwar Jega takan zo da kwandon kuka da busasshiyar kuɓewa, ta fara biyowa ta gidanmu. Sai ta ɗora Kulu a cinya, ta duba kunnenta, ta duba farcenta, ta danna cikinta.

"Wagga ɗiya ta rame," in ji ta, ko da Kulu ta yi ƙiba.

"Tana ci, Inna."

"Ɗan fari na kaka na, kin sani. Na bar miki ita don mijinki ba ya nan, kar ki zauna ke ɗai kamar mayya. Amma randa na ga abin da ban so, sai in goya ta mu tahi Fagada."

Wannan magana ita ce tsorona a duniya. Ba yunwa ba, ba rashin miji ba. Kar a ɗauke mini Kulu.

Bayan an gama awon auduga a shekarar, babban siton kamfani da ke kusa da gulbi ya zama fanko. Sai muka ji wani Balarabe ya karɓe shi, ya zo da masu wasa. Wasu suka ce daga Turabulus suke, wasu suka ce daga Ikko, wata tsohuwa a gidanmu ta rantse aljanu ne da aka kama aka sa musu wando. Wata safiya suka zagaya gari da ganga. Na leƙa daga zaure, Kulu tana riƙe da zanena. Na ga mutum a kan ƙafafun itace, kansa ya wuce katanga. Na ga samari suna alkafura a jere, ƙafa sama kai ƙasa, kamar ba su da ƙashi. A tsakiyarsu wata 'yar yarinya cikin riga mai ƙyalli, aka ce ita ke tafiya a kan igiya. Mai shela yana ta faɗi: wasa kullum bayan azahar, shiga sisi.

A nan ruɗuna ya fara. Mu tun da muka tashi ba mu taɓa jin an sayar da kallo ba. Dambe, kokawa, wasan 'yan tauri, kowa zuwa yake ya tsaya. Wanda ya ji daɗi ya yi kyauta, wanda ba shi da shi ya yi tafi. To yanzu an ce ka ba da sisi, a ba ka wani abu, ka kai ƙofa a karɓe, ka shiga ka kalla, ka fito hannu wofi. Me ka saya? Na tambayi mutanen gidanmu, kowa da amsarsa, babu wadda ta zauna mini.

Kulu kuwa ba ruwanta da wannan. Tun da ta ga yarinyar nan mai ƙyalli ta ƙi ci ta ƙi sha. "Adda, kai ni. Adda, kai ni." Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni kuma ina ta lissafin ranar kasuwa: in surukata ta zo ta same ta da kumburarren ido fa? Sisi kuwa ba ni da shi, kuma ba na ganin hanyarsa.

Tasalla ce ta shigo ta nuna mini abin da ake bayarwa. Wani mahauci ne ya saya mata. Na karɓa na juya shi. Guntun jar fata ne, bai kai tafin hannun yaro ba, an ƙona masa wata alama a tsakiya kamar sawun kaza. Na shinshina. Rinin karan dafi ne, irin namu. Yankan ma bai yi kyau ba.

Na ce, "Wannan ne sisi?"

Ta ce, "Shi na. Su Nasara tikiti suka ce mishi."

Da ta fita na buɗe burgamin babana. Wallahi ba da niyyar komai ba, so nake in ga ko zan iya. Na yanka, na sa basilla a wuta, na zana sawun kazar. Guda ɗaya tak. Na ce a raina ba sayarwa zan yi ba, ɗiyata kawai zan kai ta yi shiru.

Washegari na goya Kulu na tafi. A bakin ƙofa akwai wani tsohon soja da ake kira Saje, riƙe da ƙwarya. Na miƙa, ya jefa cikin ƙwaryar ko dubawa bai yi ba. Na shiga.

Ban taɓa ganin ɗaki irin wannan ba. Rufin kwano can sama, ginshiƙan ƙarfe, yadudduka ja da kore an rataya su daga rufi har ƙasa, da madubai a jikin bango da ke sa mutum ɗaya ya zama uku. An jera katako hawa hawa a kan azara, mutane suna zaune wasu bisa kan wasu. Warin auduga bai gama fita ba. Aka buga ganga, samari suka hau kafaɗun juna har suka yi tsawon rumbu. Sannan yarinyar ta hau igiya, ta ware hannuwanta biyu, tana taka ƙafa ɗaya gaban ɗaya, ba komai a ƙarƙashinta sai ƙasa. Ni na rufe ido. Kulu kuwa dariya take, tana dukan bayana. Ranar ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Da a nan na tsaya, da ba ku ji labarina ba.

Na yi kuskuren gaya wa Tasalla. Ta dube ni, ta dubi burgamin, ta tafa hannu.

"Ke! Kina da wanga hannu kina zaune kina ɗinkin rigar laya? Yanko min biyar. Mu sai da su taro taro, rabin kuɗi. Wa za shi ƙi?"

Na ce, "Yaya Tasalla, ba sata ba ce?"

"Mi kika ɗauka na wani? Fatar ubanki, wuƙar ubanki. Ido kuwa na mai shi na. In mutum ya kalli yarinya bisa igiya, igiyar raguwa take?"

Na yi ta juya maganar ban sami inda ta karkace ba. Har na yi sallar la'asar ina juya ta. Na yanka biyar ɗin. Bayan su na yanka wasu. Na saya wa Kulu nama a tsire, na saya mata 'yan kunne. Ranar kasuwa surukata ta danna cikinta ta ce, "To, yau dai da dama." Wannan kalma ta fi mini kuɗin daɗi, ita ta ƙara zuga ni.

Ba a jima ba Tasalla ta ce Jega ta yi mana kusa da idon Saje, mu fita waje. Labarin wasan ya riga ya kai ƙauyuka, kowa yana son gani, sisi ne ya yi musu nauyi. Na gaya wa mutanen gida zan je gaishe da gwaggona. Ƙarya ta farko ke nan da na yi musu, ta kuwa fito daga bakina sumul, har na ji tsoron kaina. Na goya Kulu muka bi ayarin masu jakuna zuwa Aliero.

A Aliero muka zauna bayan masu albasa. Tasalla ke kira, ni ke miƙawa. Wata mata ta sayi uku, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Ina gyara?" in ji ta.

Na dubi Tasalla, ta harare ni. Amma wa ya taɓa sayar da abu a kasuwa bai yi gyara ba? Ko mai gishiri yakan ƙara ɗan tsunkule. Na ƙara mata ɗaya. Ta gaya wa ta kusa da ita. Daga nan duk wanda ya saya sai ya miƙo hannu a yi masa gyara, ni kuma ba na iya hanawa, don fata ce, akwai ta a burgami, ba ta ci mini komai ba. Ban san yawan da na bayar ba. Ban ma ga dalilin sani ba.

Akwai kuma wanda na yi wa Kulu na wasa. Shi na huda shi, na yi masa ado da koren zare, na sa masa igiya na rataya mata a wuya, don hannun ɗiyar baduku ba ya iya barin fata haka tsirara. A kasuwar Maiyama wata Bafulatana mai nono daga wajen Sarandosa ta gan shi a wuyanta.

"Irin wanga nika so, mai igiya. Wancan ɓacewa za shi yi min cikin zane."

Na huda mata, na sa igiya. Sauran suka ce su ma. Na zauna a gindin wata tsamiya ina huda ina ɗaurewa har yatsuna suka yi ja. Har daɗi nake ji, ina ganin nawa ya fi na Balaraben kyau. Suna tambaya yaushe za su zo, ina ce musu duk ranar da suka ga dama.

Abin da ban tuna ba, ni da na tashi cikin mutanen ƙauye, shi ne mutumin ƙauye rana ɗaya yake da ita ta zuwa Jega. Ranar kasuwa. Ga shi kuma mai shela ya zagaya ya ce daga kasuwa mai zuwa masu wasa za su tashi.

Ranar, surukata ta zo da sassafe kamar kullum, ta ɗauki Kulu ta ce za ta zaga da ita wajen 'yan Fagada. Na ji daɗi, don akwai sauran fatu a ƙulle cikin ɗankwalina da nake son in rabu da su. Bayan azahar na nufi wajen siton. Tun daga nesa na hango cunkoso. Mutane ne kamar an kwashe Aliero da Maiyama da Dangamaji an zube a wuri ɗaya. Kuma duk wuyan da na duba, ga igiyata. Maza, mata, tsofaffi, har jarirai a goye. Na rasa ko murna zan yi ko kuka. Na ce a raina, duk ni na yi waɗannan? Yaushe?

A bakin ƙofa Saje yana fama da Bafulatanar nan ta Sarandosa.

"Ciro ki kawo."

"In kawo mi? Da kuɗina na saya."

"Ai nan aka barin shi, Inna."

"In na bar shi, to mi na saya ke nan?"

Mutane suka ce gaskiyarta. Wani dattijo ya ce shi nasa jikokinsa zai kai wa su ma su zo su gani. Saje ya kamo igiyar ya duba, ya duba na ƙwaryarsa, ya fara ihu cewa nasu ba shi da huda, kuma ɗaki ya riga ya cika, babu inda za a sa ƙafa. Na baya ba su ji ba. Abin da suka sani sun biya, sun yi tafiyar rabin yini, kuma ana buga ganga a ciki. Suka turo. Ƙyauren ya faɗi, ƙwaryar Saje ta tashi sama, mutane suka kwarara ciki kamar ruwa ya fasa gona.

Sai ga Tasalla a gefena tana dariya.

"Kin ji abin mamaki? Har surukarki ta samu. Wata 'yar Fagada ta ba ta nata na gyara. Na gan ta ta shige da ɗiyarki da ƙyaure ya faɗi."

Ban gane maganar nan take ba. Na tsaya ina kallon bakinta. Inna? Da fatata a wuya? Ina cikin haka muka ji ƙara daga ciki, kamar an sare babbar bishiya, sannan wata ƙarar, sannan ganga ta yi shiru. Kururuwa ta tashi.

Tasalla ta damƙi hannuna. "Katako ya karye. Zo mu tahi, akwai jirgi bakin gulbi. Kafin a tuna da mu mun ƙetare."

Na fizge. Ita ta tafi, har yau ban sake ganinta ba. Ni na kutsa, mutane suna fitowa ina shiga, ana taka ni ina tashi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kulu! Kulu!"

Sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar suna, shi nake ta kwararawa a gaban duk Jega.

A ciki ƙurar auduga ta tashi, ba a gani sosai. Hawan katakon gefe ɗaya ya zube gaba ɗaya, ya ja sandar da aka ɗaure igiya. Yarinyar mai ƙyalli tana kwance a ƙasa, Balaraben ya durƙusa a kanta yana kuka da wani harshe. Sai na hangi Saje ya ɗago wani katako ya zaro yarinya. Kulu ce. Hannunta na hagu yana reto ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Surukata ta rarrafo daga baya, ba ɗankwali, jini a goshinta.

Saje ya ga abin wuyan Kulu, mai koren zare. Ya riƙe shi.

"'Yar ƙarama, wa ya ba ki wanga?"

Tana kuka ta ɗaga hannun mai lafiya ta nuna ni. "Adda ta yi min."

Ni kuwa ga ƙullin ɗankwali a hannuna, ban ma tuna in jefar ba. Saje ya karɓa ya kwance, fatun suka zube a ƙasa, kowanne da igiyarsa.

Surukata ta dubi fatun. Ta dubi wanda ke wuyanta. Ta dube ni. Ta cire shi a hankali ta sake shi ƙasa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta karɓi Kulu, ta ce wa wani ɗan Fagada mai jaki, "Aliero, wurin masu ɗori." Na yunƙura zan bi su, na ji hannun dogari a kafaɗata.

Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Amma an karye, an goce, an farfasa kai.

A gaban alƙali ma ruɗun bai ƙare ba. Waɗanda suka saya suka cika zaure. Wasu suna son a mayar musu da taronsu, wasu sun ƙi ba da fatar, suna cewa tasu ce. Wata ta ce ita ba ta da ƙara, ta ga alkafura kafin katako ya karye. Alƙali ya tambaye ni ko ni na yanka. Na ce ni ce.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ina son in yi tambaya. Na san na yi laifi, tunda ga ɗiyata. Amma mi na sata? Fatar tawa ce."

Ya ɗauki fata ɗaya yana juya ta a hannunsa. Ina jin shi ma bai taɓa shari'ar irin wannan ba. Can ya ce, "Ɗakin nan yana da iyakar waɗanda zai ɗauka. Kowace fata ta Balarabe mazaunin mutum guda ce a kan katako. Ke kin yanka fata, kin sassaƙa katako?"

Na ce a'a.

"To kin sayar wa mutane abin da babu, kin karɓi abin da akwai."

Na roƙa a bar ni in tafi da ɗiyata, kamar yadda na ji ana barin masu shayarwa. Aka ce an yaye ta, kuma tana hannun kakarta. Aka ɗaure ni.

Gidan yari ba zan daɗe a kansa ba. Niƙa muke yi wa 'yan sarƙa, wato ɗaurarrun maza, tun safe, mu ɗebo ruwa, mu sake niƙa. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya zama kamar ƙafa. Ba wannan ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, duk lokacin da na ji kukan yaro a bayan katanga sai in saki dutsen niƙa in miƙe. Matan suna mini dariya. Ina niƙa ina ta maimaita maganar Tasalla da maganar alƙali, ina auna su. Igiya ba ta raguwa don an kalle ta, wannan gaskiya ne. Katako kuma yana karyewa, wannan ma gaskiya ne. Yadda aka yi na ga ta farkon ban ga ta biyun ba, shi ne har yau ban sani ba.

Ana nan aka kawo wata mata 'yar Aliero. Na tambaye ta labarin Kulu. Ta ce ta san labarin, duk garin sun sani. Mai ɗori ya ɗora hannun, ya kama, amma karayar a gwiwar hannu take, bai miƙe daidai ba. Ta ce yarinyar ta yi kwanaki tana kiran Adda, daga baya ta daina. Yarinyar igiya kuwa ƙugunta ne ya goce, ta tashi da ɗingishi, masu wasan suka tafi da ita a kan jaki. Ba za ta sake hawa ba. Ban taɓa sanin sunanta ba.

Damina ta wuce, aka yi girbi, sannan aka sake ni. Ban shiga Jega ba, Fagada na nufa kai tsaye, da ƙafa. Mijina har lokacin shiru, har yau ma.

Na isa da hantsi. A ƙofar gidan surukata yara suna wasa. Sun ja layi a ƙasa da kara, suna bi ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wata ta hau layin, ta ƙara tsawo, an yi mata kitso. Ta ware hannuwanta biyu tana taka ƙafa ɗaya gaban ɗaya. Na dama ya miƙe sosai. Na hagu ya tsaya a lanƙwashe.

Na ce, "Kulu."

Ta waiwayo, ta dube ni, ta ruga cikin gida. Na ji tana cewa, "Kaka, ga wata baƙuwa tana kirana."

Surukata ta fito. Na durƙusa har ƙasa, na ce ta yafe mini. Ta ce wa yarinyar, "Addarki ta." Kulu ta leƙo daga bayan zanenta ta ce, "Adda ta tahi."

Surukata ta sa aka kawo mini ruwa, ta ba ni fura. Ta ce ta yafe, tsakaninta da Allah. Na ce to yaushe zan ɗauke ta.

"Na gaya miki tun farko, randa na ga abin da ban so. Na gani." Ta gyara wa Kulu wuyan riga. "Ki zo duk randa kika so, ki zauna ki dube ta. Nan gidan ba a sai da kallo. Amma ba ta ƙara kwana ɗakinki."

Haka muke har yanzu. Na koma ɗinkin rigar laya. Burgamin na ƙona abin da ya rage a cikinsa. Na bi waɗanda na iya ganewa a Aliero da Maiyama na nemi gafara, wasu suka yafe, wasu suka tofa mini yawu, wata ma ta tambaye ni yaushe masu wasan za su dawo, don nata yana nan a rataye. Duk mako nakan tafi Fagada in zauna a bakin zaure. Kulu ta fara karɓar abu daga hannuna. Ina kiran sunanta a gaban kowa, mata suna cewa ba ni da kunya. Su faɗa. Na riƙe sunan a baki lokacin da take tawa, yanzu shi kaɗai ya rage mini.

To ku yara, ga abin da zan ce muku. Ban fara da niyyar cutar kowa ba. Da guda ɗaya na fara, don ɗiyata ta daina kuka. Idan zuciyarku ta ce muku sau ɗaya ne kawai, ku tashi daga wurin. Idan wani mai daɗin baki ya tambaye ku me kuka ɗauka na wani, kuka rasa amsa, kada ku ɗauka rashin amsar izini ne. Ku je ku tambayi babba kafin ku sa wuƙa. Abin da ba ku gane kansa ba, kada ku sayar da shi, kada ku yi gyara da shi. In kuma aka zo muku da abu aka ce rabin kuɗi ne, ku tsaya ku tambaya wa zai biya ɗaya rabin. Ni ban tambaya ba. Kulu ce ta biya, da hannunta na hagu.

Allah ya yafe mini, ya tsare ku.